Bin Sawun Ƙarfin da Ya Ɓata a Amfilifayar Wani Dattijo

Duk wanda ya girma yana murɗa akwatin rediyo a ƙasar Hausa ya saba da jin mai gabatarwa yana cewa ana iya kama su a kan mita 25 ko mita 31 a gajeren zango. A tsakankanin waɗannan zanguna na manyan tashoshi akwai waɗansu 'yan filaye, kamar mita 80 da 40 da 20 da 15 da 10, waɗanda ƙasashen duniya suka amince a keɓe wa mutanen da ke magana da juna ta iska don sha'awa da neman sani kawai, ba don ciniki ba. Kowane ɗayansu sai hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, kuma lambar ita ce ke nuna ƙasarsa: ta mutumin Nijeriya tana farawa da 5N, ta mutumin Nijar kuwa da 5U. Akwatin da irin waɗannan mutane ke magana da shi yawanci ƙarfin wat 100 yake fitarwa. Wanda yake son muryarsa ta ƙara nisa sai ya sa wata na'ura tsakanin akwatin da eriya, wadda ke karɓar wannan ƙarfi ta ninka shi. Ita ce masu gyara ke kira amfilifaya.

A da, masu wannan sha'awa da yawa ba sa sayen amfilifaya a haɗe. Akwai wani kamfani mai suna Heath a garin Benton Harbor na jihar Mishigan a Amurka, wanda tun daga 1947 ya shahara da sayar da kayan lantarki a warwatse, mai saye ya harhaɗa abinsa da kansa. Akan aiko wa mutum da kwali cike da wayoyi da kusoshi da sauran tarkace, tare da littafin jagora wanda ya jera aikin daki-daki, kowane mataki da ɗan gurbin da za a yi wa alama in an gama shi. Daga cikin kayan wannan kamfani da suka fi yaɗuwa akwai amfilifaya samfurin SB-200, wadda aka sayar daga 1964 zuwa 1978. Tana aiki da kwalabe biyu masu lamba 572B, watau irin kwalaben nan na gilas da aka zuƙe wa iska, waɗanda ke ƙara ƙarfin wuta kafin zamanin taransista. In tana da lafiya, aka ba ta wat 100, takan mayar da shi tsakanin 500 da 600. Kamfanin ya daina sayar da irin waɗannan kaya a 1992, amma har yanzu akwai SB-200 masu yawa da ke aiki a ɗakunan mutane a sassan duniya.

Ɗaya daga cikinsu tana wani gari a arewacin Nijeriya, a ɗakin wani dattijo wanda ya yi aikin wayar tarho har ya yi ritaya. Shi ya haɗa ta da hannunsa a shekarun 1970, lokacin yana matashi, kuma littafin jagorar na nan a ajiye da alamominsa na fensir. Shekara da shekaru yana da al'ada guda da ba ya fashi: kowane mako, a rana ɗaya da sa'a ɗaya, yakan kira wani abokinsa na Turai a kan mita 20. Ba su taɓa ganin juna ido da ido ba, amma sun san sunayen 'ya'yan juna, sun yi wa juna barka, sun yi wa juna ta'aziyya. Masu wannan harka suna da yadda suke gaya wa juna ƙarfin murya: lamba ta farko daga 1 zuwa 5 ita ce ta fahimtar magana, ta biyu daga 1 zuwa 9 ita ce ta ƙarfin sigina. Dattijon ya saba da jin abokin ya ce masa 5 da 7. Sannu a hankali sai abin ya koma 4 da 6, wata rana kuma abokin ya yi ta cewa a maimaita, har suka rabu ba tare da sun fahimci juna ba. Da dattijon ya duba ma'auninsa, sai ya ga amfilifayar da ta saba ba shi kusan wat 600 ba ta wuce 180.

A lissafin masu rediyo wannan raguwa ba ta kai yadda ido yake ganinta ba, domin sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin allurar mai sauraro ta ɗaga da mataki ɗaya. Amma abokin nan ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, unguwarsu kuma ta cika da hayaniyar kayan lantarki na zamani, saboda haka wannan mataki guda shi ne iyaka tsakanin hira da shiru. Bugu da ƙari, dattijon ya san ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfin da bai fita ta eriya ba, ko dai ba a samar da shi ba tun farko, ko kuwa yana zama zafi a wani wuri cikin na'urar, yana cin wani abu a ɓoye.

Wata matsalar ita ce idon dattijon ya rage gani, hannunsa kuma ya fara rawa, ba ya iya riƙe ƙarfen liƙin dalma a kan ƙaramar waya kamar da. Sai ya nemi jikansa, wanda ke karatu a wata kwalejin fasaha, ya zo ya zama masa ido da hannu. Yaron bai daɗe da shiga ɗakin ba ya yanke hukunci.

"Baba Tsoho, ai ba sai an wahala ba. Kwalaben nan sun girmi mahaifina. Sun gaji. A sayo sababbi kawai."

"To, abokina, ta yiwu gaskiyarka ce," in ji dattijon. "Amma wa ya ba da shaida a kansu? Alƙali ba ya ɗaure mutum don kawai shi ne mafi tsufa a unguwa."

Maganar tana da dalili. Sababbin kwalaben 572B da ake samu a yau yawanci daga ƙasar Sin suke fitowa, sai an yi odarsu daga waje da kuɗin ƙetare, a jira makonni, kuma kuɗin guda biyu zai ci babban kaso na fanshon dattijon. In kuwa cutar ba a jikinsu take ba, sababbin ma za su shiga cikin wahalar da tsofaffin ke ciki, wataƙila su lalace cikin ɗan lokaci.

Kafin a taɓa kusa ko ɗaya, sai da dattijon ya zaunar da jikan ya yi masa karatun tsira da rai. A cikin wannan akwati akwai wuta fiye da bolt 2,000, mai iya tura rabin amfiya, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba yana iya tsayar da zuciyar mutum in ya bi ta ƙirjinsa. Cire waya daga bango bai isa ba, domin akwai kwandansoshi a ciki, waɗanda aikinsu shi ne tara wuta su riƙe ta kamar yadda randa ke riƙe ruwa bayan an rufe famfo. Ƙa'idar ita ce a cire wayar, a jira allurar ma'auni ta sauka ƙasa, a ƙara jira, sa'an nan a ɗauko sanda mai mariƙin roba wadda aka ɗaure bakinta da waya zuwa jikin akwatin, a taɓa wurin da wutar ke taruwa don a zubar da saura. Kuma duk awon da za a iya yi da murfi a rufe, to a rufe za a yi shi. Ya sa yaron ya maimaita ƙa'idar da bakinsa sau biyu kafin ya yarda su ci gaba.

Abin da suka fara tuhuma shi ne ma'aunin da ya kawo labarin. Allurar da ke fuskar SB-200 tana nuna ko ƙarfi ya ƙaru ko ya ragu, amma ba ta faɗin adadinsa da wat, don haka ba a dogara da ita a wannan aiki. Eriya ma ba a dogara da ita, domin iska na kaɗa ta, ruwa na shiga wayarta, tana iya sa lafiyayyar na'ura ta yi kama da maras lafiya. Sai dattijon ya sa aka ciro masa wani gwangwani mai kama da na fenti daga ƙarƙashin tebur. A cikinsa akwai razista mai om 50 a nutse cikin mai. Razista shi ne ɗan abin da ke tare wuta ya rage mata gudu, wannan kuwa an yi shi ne don ya tsaya a madadin eriya, ya shanye ƙarfin duka ya mayar da shi zafi ba tare da an dami kowa a iska ba. Suka haɗa akwatin magana shi kaɗai da ma'aunin wat da gwangwanin, allura ta nuna 100. Suka bi da siginar ta cikin amfilifayar tana kashe, ta sake nuna kusan 100. Da wannan awo biyu suka wanke abu huɗu: ma'aunin, da akwatin maganar, da wayoyin haɗi, da makunnin cikin amfilifayar mai sauya hanya tsakanin ji da magana. Da suka kunna ta kuwa, 180 ɗin nan dai ta sake bayyana. Ke nan eriya ma ta fita daga zargi.

Tambaya ta biyu ita ce ko raguwar a zango ɗaya take ko a duka. Kowane zango yana da tasa 'yar da'irar shiga, akwai kuma mamurɗin sauya zango wanda ƙurar hunturu ke shiga haƙoransa, wani lokaci har tartsatsi ya ƙone ɗaya daga ciki. Da a ce mita 20 kaɗai ke da rauni, da can za a nufa. Suka gwada zangunan ɗaya bayan ɗaya, suna daidaita mamurɗai biyu na fuska har allura ta kai ƙololuwarta, ba sa barin wuta ta wuce 'yan daƙiƙoƙi a kowane gwaji don kada kwalabe su yi zafi. Ko'ina rauni ne. Suka kuma cire wata siririyar waya da amfilifaya ke amfani da ita wajen umartar akwatin magana ya rage ƙarfi, domin in wannan umarni ya yi yawa yakan shaƙe na'urar tun daga ƙofa. Babu abin da ya sauya. Saura ke nan abin da zangunan duka suka yi tarayya a kansa, watau wutar da ke ciyar da na'urar da kuma kwalaben da ke cin ta.

A nan ne jikan ya yi murmushi, don a ganinsa an zo kan maganarsa. Dattijon ya ce a fara da abinci kafin a zo ga mai ci. Lafiyayyar SB-200 takan nuna tsakanin bolt 2,200 da 2,400 in tana hutawa, ta sauka zuwa wajen 2,000 in ana magana. Tasu kuwa 1,900 take nunawa tun ba a fara magana ba. An san cewa razistocin da ke ciyar da wannan allura kansu sukan sauya da tsufa har su sa ta faɗi abin da bai kai gaskiya ba, saboda haka sai da aka kashe, aka zubar da wuta, aka auna su, aka ga suna nan daidai. Daga nan dattijon ya ce a auna wutar bango. An ɗaura taransifomar na'urar a kan bolt 240, amma da magariba, lokacin da kowane gida a unguwar ya kunna kayansa, abin da ke isowa ɗakin bai wuce 200 ba. Ya sa yaron ya yi lissafi a takarda. In wutar bango ta ragu da kashi ɗaya cikin shida, ta ciki ma haka za ta ragu, daga 2,300 zuwa wajen 1,900. Ƙarfin da ke fita kuwa ya fi haka raguwa, domin yana bin ninkin wutar ne a kanta, sai ya koma wajen kashi 70 cikin 100. Har ila yau, lagwanin kwalbar, wanda aka yi don bolt 6.3, ba zai yi zafin da ya kamata ba. Suka dakata sai da safe. Da hantsi wutar bango ta cika, allura ta hau 2,300, ƙarfi ya tashi zuwa 250.

Wannan ya nuna an kama ɓarawo ɗaya, amma kayan da aka samu a hannunsa ba su kai abin da ya ɓata ba. Da suka sa ido a kan allurar lokacin magana, sai suka ga tana zubewa daga 2,300 har zuwa 1,500. Dattijon ya tuna abokinsa ya taɓa ce masa yana jin wani gurnani a ƙarƙashin muryarsa. Waɗannan alamu biyu wuri guda suke nuni. A cikin SB-200 akwai kwandansoshi shida da aka jera a layi, kowanne mai ɗaukar bolt 450, su ne ke tara wuta su sake ta a hankali don kada ta riƙa tsalle. A cikinsu akwai wani ruwan magani wanda shekaru da zafi ke busarwa, balle a ƙasar da ɗaki ke yin kamar tanda a watan Afrilu. Da aka buɗe bayan an cika ƙa'ida, sai ga ɗaya ta kumbura, wani farin gari ya fito ta bakinta. Jikan ya ce a sauya ita kaɗai. Dattijon ya ƙi, ya ce rana ɗaya aka haife su, wahala ɗaya suka sha, kuma tun da a layi suke, raunin kowace ɗaya nauyi ne a kan sauran. Aka sayo shida sababbi, tare da razistocin da ke raba musu wuta daidai da juna, yaron ya liƙa su dattijon yana karanta masa taswirar wayoyi da gilashin ƙara girma. Bayan wannan aiki allura ta daina zubewa, ta tsaya wajen 2,000, ƙarfi kuma ya kai 320.

"Rabi ke nan," in ji jikan. "Kwalabe biyu ne, ƙarfi rabi. Ɗaya ta mutu, Baba Tsoho. Yanzu dai ka yarda."

Lissafin yaron yana kan hanya, kuma akwai ƙarin shaida. Da suka rage hasken ɗakin suka leƙa ta ramukan murfi, lagwanin kwalaben duka biyu yana ci, amma in aka matsa mata, farantin ta dama yakan ɗan yi ja, na hagu kuwa yana nan baƙi ƙirin. Ke nan ɗaya ce ke ɗauke da kayan biyu. Sai dai dattijon ya ce akwai sauran tambaya guda: kwalbar ce ba ta aiki, ko kuwa kujerar da take zaune a kai ce ba ta ba ta dama? Gwajin ba ya cin ko kwabo. Aka kashe, aka jira, aka zubar da wuta, aka bar gilas ya huce, sa'an nan aka yi musu musayar wuri. In cutar a jikin kwalba take, za ta bi ta zuwa sabon wurinta. Da aka kunna, sai ga wadda ake zargi da mutuwa ta yi ja a kujerar dama, wadda ke aiki ɗazu kuma ta yi lamo a kujerar hagu.

Daga nan binciken ya taƙaita ga tafin hannu guda na wayoyi. A tsakiyar kowace kwalba akwai wata raga ta siririyar waya, ita ce ƙofar da ke buɗewa da rufewa don wuta ta wuce daga lagwani zuwa faranti. A ƙarƙashin kujerar kowace ɗaya akwai ɗan razista mai om 33 wanda ta cikinsa ragar ke zubar da cajin da ta tara. Na dama ya nuna abin da ke kusa da 33. Na hagu, wanda a ido ba shi da aibu sai wani ɗan tsagu kamar gashi, ya nuna dubbai. Ya ƙone ta ciki, wataƙila tun wani tartsatsi da ya auku cikin kwalbar wata rana. Tun da ragar ta rasa hanyar zubar da cajinta, sai ta riƙa tara shi duk lokacin da aka yi magana, har ta rufe wa kanta ƙofa. Aka sauya razistocin duka biyu, waɗanda kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba. Da hantsin washegari ma'auni ya nuna wat 560 a kan mita 20, da tsofaffin kwalaben nan biyu da aka so jefarwa.

Abin lura a nan shi ne, ba abu ɗaya ne ya cinye ƙarfin ba. Abu uku ne suka taru, kowanne ya ɗebi rabonsa, kowanne kuma yana ɓoye a bayan ɗan'uwansa. Da an sayo sababbin kwalabe tun ranar farko, da ta hagu ta zauna a kujerar da ba ta aiki, ta dama ta ci gaba da ɗaukar kayan biyu a kan gurɓatacciyar wuta, ƙarfi ya tsaya inda yake, kuɗi kuma sun tafi. Abin da ya hana haka shi ne tsarin tambayar: a tabbatar da ma'auni kafin a gaskata labarinsa, a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, a rubuta abin da aka gani, a kuma gabatar da gwajin da ba ya cin kuɗi a kan wanda ke ci. Ɗalibin da ya taɓa zama gaban tsofaffi yana tattara kalmomin wani karin harshe, ya ga yadda amsa ke sauyawa in an sauya yadda aka yi tambaya, ba zai ga wannan tsari baƙo ba.

Akwai kuma abin da ya sa tsarin ya yiwu. Na'urar da aka sayar a warwatse tana zuwa da taswirarta, an rubuta darajar kowane razista, an nuna wutar da ya kamata a samu a kowane wuri, kuma wanda ya ɗaura wayoyin da hannunsa yana tuna inda kowace ta nufa ko bayan shekaru masu yawa. Mafi yawan kayan lantarki na yau ba haka suke ba, a rufe suke zuwa, in sun lalace sai a cire allo ɗungurungum a sa wani, ko a jefar a sayi sabo. Jikan ya taso ne a cikin wannan zamani, shi ya sa maganinsa na farko ya zama saye.

Matsalar wutar magariba ba ta da magani a cikin akwatin, don haka dattijon ya aika wa abokinsa suka mayar da hirarsu zuwa safiya. A mako na farko abokin ya ce masa 5 da 7, gurnanin kuma ya tafi. Dattijon ya miƙa wa jikan abin magana ya gaisa da shi a ƙarƙashin kulawarsa, sa'an nan ya ba shi fensir ya ce ya buɗe shafin ƙarshe na littafin jagora ya rubuta duk abin da suka auna: wutar bango, da wutar ciki a hutu da lokacin magana, da ƙarfin da ya fita a kowane zango, da kwanan wata. Ya ce kwalaben nan za su gaji wata rana, ba makawa, kuma wanda zai buɗe akwatin a ranar yana bukatar sanin yadda take lokacin da take da lafiya. Yaron ya rubuta, ya kuma tambayi yadda ake neman lasisi.